Daga Kano zuwa ƙauyen Birnin Kudu da dish da reza, neman asalin sararin samaniya

Wanda yake son ya nuna wa ɗalibai inda kimiyyar kwantam, wato ilimin halayen ƙananan abubuwa irin su ƙwayoyin haske, ta shiga maganar asalin sararin samaniya, duhu yake buƙata kafin komai, kuma duhu ya ƙare a birnin Kano. Fitilun sola na kan titi da na gidaje sun mayar da saman garin ja-ja, taurarin da ake gani da dare ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa muka amsa gayyatar shugaban wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, jihar Jigawa, ni da wasu malaman fiziks.

Lokacin tafiya ba a zaɓarsa da ka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ruwa ya ɗauke, gajimare ya tafi, hazon hunturu kuma bai sauko sosai ba. A cikin wannan tsakanin sai a nemi daren da babu farin wata, wato daga wajen 27 ga watan Musulunci zuwa 2 ga sabon wata. Wanda ya jira Disamba ko Janairu ƙura zai je ya kalla.

Kayan duk a kasuwar Sabon Gari muka haɗa su, wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin: ƙwayayen LED ja da shuɗi, batir mai bolt 9, rasista mai om 1,000, bolum ɗin rediyo mai om 10,000, mitar auna wuta, tocilar leza mai jan ɗigo, fakitin reza, da ƙaramar mita mai allura wadda masu saita dish suke neman sigina da ita. Dish ɗin tsoho ne mai faɗin santimita 60, da kansa, wanda masu sana'ar suke kira LNB.

Mun fita ta Mariri muka hau titin Maiduguri. A Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano, muka haye gada, kuma wanda zai bi hanyar nan ranar Juma'a ya tanadi haƙuri, domin ranar kasuwar shanu ce. Daga nan Takai, Kachako, sai Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, mu kuma muka miƙe. An riga an yanke gero, dawa na tsaye a gonaki, ana ta roron wake. Kafin mu sauka daga kwalta mun tsaya a duwatsun Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. Akwai kuma duwatsun da idan aka buga su da ƙaramin dutse suke amo kamar ƙarfe, babba da muryarsa mai kauri, ƙarami da siririya.

A ƙauyen mun fara da gaisuwa a ƙofar mai unguwa, kamar yadda ya kamata ga baƙon da zai tara yaran mutane da dare. Aikin farko kuma na rana ne.

Dish ɗin muka kafa a filin makaranta bayan azahar. Kan dish yana karɓar igiyoyin rediyo masu kaɗawa sau biliyan 10.7 zuwa 12.75 a daƙiƙa, kuma ba na tauraron ɗan Adam kaɗai yake ji ba, duk abin da ke da zafi yana fitar da irinsu. Ana haɗa waya daga kan dish zuwa mitar sigina, ɗaya bakin mitar kuma a ba shi wuta tsakanin bolt 13 da 18. Mafi sauƙi shi ne a jona tsohuwar dikoda ta ba da wutar. Batura biyu masu bolt 9 a jere suna yi, amma kan dish yana da ci, ba sa jimawa, kuma yayin da suke rauni allura tana sauka a hankali, mai kallo ya ɗauka sama ce ta canza. A juya dish ga sararin da babu komai, a murɗa mitar har allura ta tsaya kusa da ƙasa. Sannan a kifa shi ya kalli ƙasa ko bangon aji, allura za ta ɗaga, saboda zafin ƙasa ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Kelbin, mai farawa daga ƙarshen sanyi. Yaro ya tsaya a gaban kan dish ma allura za ta motsa, kuma wannan ne ya fi ba ɗalibai dariya. A saita shi kaɗan gaban rana a bar shi: faɗin ganin dish mai santimita 60 kimanin digiri 3 ne, rana kuma tana tafiya digiri 15 a awa, don haka allura za ta hau ta sauko cikin minti 12 zuwa 13.

Abubuwa biyu ne suke ɓata wannan gwaji. Irin dish ɗin gidajenmu yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da 'yan kai, sai mutum ya yi ta neman rana a wurin da ba nan take ba. Dabarar ita ce a duba inuwar kan dish, ko a manna ɗan madubi a tsakiyar farantin a ga inda haskensa ya faɗa. Na biyu, a faɗinmu na digiri 11 zuwa 12 arewa da tsakiyar duniya, layin taurarin ɗan Adam na talabijin yana bi ta kusa da tsakar ka, daga gabas zuwa yamma, ya ɗan karkata kudu. Idan dish ya gifta ɗaya daga cikinsu allura za ta buga ƙarshe. Sararin da babu komai a arewa ake nemansa, can sama, nesa da bishiya.

Ko a wannan sararin allura ba ta kwanta gaba ɗaya, kuma a cikin abin da ya rage akwai haske mafi tsufa da ake iya gani. Sai dai kada malami ya ruɗi yara ya ce sun auna shi. Yawancin ragowar hayaniyar na'urar ce da kanta, da ta iska, da zafin ƙasa da ke zagayowa ta gefen faranti. Abin da ya bambanta aikin Arno Penzias da Robert Wilson a Holmdel ta Amurka a 1964 shi ne suna da abin gwadawa da aka sanyaya da ruwan hiliyam, suna kwatanta sama da shi. Sun cire lissafin kowace hayaniya, har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a cikin eriyar sun kankare, amma digiri 3.5 ya ƙi tafiya, ko ina suka juya, dare da rana. A 1965 aka buga sakamakon, tare da bayanin masanan jami'ar Princeton cewa ragowar zafin farkon samaniya ne. Ma'aunin yau ya tsaya a kan digiri 2.725, kuma a cikin kowane gurbi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi akwai ƙwayoyin wannan haske wajen 410.

Bayan isha'i muka koma filin. Kaza da 'ya'yanta sun fito ta gabas. Wajen ƙarfe 10 rukunin taurarin Andiromeda ya hau arewa, kamar digiri 60 daga ƙasa, ɗan dusu-dusu ne da ake gani da ido idan an kalle shi ta gefen ido. Haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya guda ɗaya yana mayar da aikin baya, don haka muka tattara wayoyi a jaka, tocila kuma aka rufe mata baki da jar leda.

A wannan duhun ne gwajin LED yake yin kyau. A 1900 Max Planck ya gano cewa ba za a iya bayyana launin hasken abu mai zafi ba sai an yarda cewa makamashi ƙwaya-ƙwaya yake fita, kuma girman kowace ƙwaya shi ne yawan kaɗawar hasken sau wata lamba guda. Lambar ita ce 6.626 a raba da 1 mai sifili 34 a bayansa. Ƙanƙantarta ta wuce misali, amma ana iya kamo ta da kayan mai gyaran rediyo. Ƙafafun bolum biyu na gefe su tafi bakunan batir. Daga ta tsakiya a bi ta rasista zuwa doguwar ƙafar LED, gajeriyar kuma ta koma baƙar waya. Mita a kan ƙafafun LED ɗin kai tsaye za a ɗora ta, ba a kan batir ba. A zura ƙwan cikin bututun baƙin biro, a kafa ido a ɗaya bakin, a murɗa bolum sannu a hankali har a ga ƙyallin farko, a rubuta abin da mita ta nuna. Jan ƙwai mai tsawon igiya nanomita 630 yana kaɗawa sau tiriliyan 476 a daƙiƙa, shuɗi mai 470 kuma sau tiriliyan 638. Kowace ƙwayar shuɗin haske ta fi ta ja tsada, don haka shuɗi ba ya kamawa sai an ƙara masa wuta. Bambancin da lissafi ya bayar bolt 0.67 ne. A ninka shi da cajin ilaktiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, a raba da tiriliyan 162, lambar Planck ce za ta fito. Da waɗannan launuka biyu lissafin ya zo da sauƙi: a ninka bambancin bolt da 10, an sami lambar da za a kwatanta da 6.626 ɗin nan.

Kada a yi amfani da abin da ƙwai ɗaya ya nuna shi kaɗai, domin ƙyallin farko yana zuwa ƙasa da lissafi da kusan sulusin bolt, a bambancin ne wannan gibin yake shafewa. Mutum ɗaya ne zai duba duka ƙwayayen, tun da ido ya bambanta. Farin LED ba shi da amfani a nan, shuɗi ne aka shafa masa hoda mai mayar da haske rawaya, kuma akwai masu sayar da farin da aka sa wa roba mai launi a matsayin ja. A nemi mai farar roba garau wanda launin daga cikinsa yake fitowa. Wanda ya sami tsakanin 6 da 7.5 ya yi aiki mai kyau.

Dalilin ɗora wannan gwaji kusa da na dish shi ne, lokacin da tauraron ɗan Adam mai suna COBE, wanda aka harba a 1989, ya auna tsohon hasken nan launi bayan launi, sakamakon ya hau kan lissafin Planck na 1900 daram. Hasken ya kuɓuta ne shekara 380,000 bayan farawa, cikin shekara biliyan 13.8 da samaniya take da su. Kafin nan ilaktiron suna yawo a sake, haske ba ya nisa sai ya yi karo. Da zafi ya sauka zuwa wajen digiri 3,000 sai suka kama jikin furoton, iskar haidirojin ta samu, hanya ta buɗe. Daga lokacin zuwa yau sarari ya miƙe kusan ninki 1,100, shi ya sa 3,000 ta koma 2.7.

Gwajin reza shi ne zuciyar daren. A manna reza biyu a kan kwali mai rami, kaifi na fuskantar kaifi, a bar tsaga kamar kaurin takarda, wajen milimita 0.1. A ɗaure lezar da salatif a kan benci, kada a riƙe ta a hannu, kuma kada a bari yaro ya tsaya a gabanta, tana lahanta ido. Koriyar leza ma a bar ta a gida, yawancinsu sun fi ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. A haska ta tsagar zuwa farin bango mai nisan mita 3. Maimakon siririn layi, haske zai baje gefe da gefe, na tsakiya ya kai santimita 4, da ƙanana a jere suna biye. A matse tsagar ta koma rabi, sai ya ƙara bajewa zuwa santimita 8. Yawan takura wa haske a kan inda zai bi, yawan rashin sanin inda zai nufa. Wannan shi ne ƙa'idar rashin tabbas da Werner Heisenberg ya kafa a 1927. Masu hankali cikin ɗalibai za su ce ai igiyar ruwa ma haka take yi, kuma sun yi gaskiya. Abin da ya mayar da shi kwantam shi ne an yi irinsa da ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya: a 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka riƙa sakin ilaktiron ɗai-ɗai, kowanne ya faɗi a ɗigo guda inda ba wanda ya isa ya faɗa tun da farko, amma da suka taru sai jerin layukan suka bayyana.

Shugaban makarantar ya ce, "To Malam, mun ga reza, mun ga bango. Ina haɗin wannan da taurari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar nan ba ta tsaya ga abin da ke tafiya ba, har sararin da babu komai ta shafa. Ba ta yarda makamashin wuri ya tsaya cak ba, kullum akwai ɗan rawa."

A yau rawar nan tana tashi ta mutu ba ta bar alama ba. Amma a wajajen 1980 Alexei Starobinsky a Rasha da Alan Guth a Amurka, sannan Andrei Linde a 1982, suka kawo ra'ayin kumburin farko: cewa a wani ɗan tsagi na daƙiƙar farko sarari ya kumbura aƙalla ninki 1 mai sifili 26. Ra'ayin yana warware wata matsala. Sassan sama biyu da suka yi nisan fiye da digiri 2 da juna, bisa tsohon lissafi ba su taɓa haɗuwa ba, amma zafinsu ɗaya ne. Kumburi ya ce a dā wuri ɗaya suke. A 1981 Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov suka lura da wani abu da ya fi wannan: idan sarari ya kumbura da irin wannan gudu, rawar kwantam ba za ta sami damar mutuwa ba, za a miƙe ta ta daskare, wani wuri ya ɗan fi wani cunkoso. Inda ya fi cunkoso ya fi jan abin da ke kewaye da shi, kuma cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru taurarin farko suka kunnu a can.

Wannan ba a takarda ya tsaya ba. A 1992 COBE ya ga tabo-tabon, bambancin zafi kashi 1 cikin 100,000. Tauraron WMAP da aka harba a 2001, da tauraron Planck na Turai a 2009, suka zana su dalla-dalla. Tabon da ya fi yawa faɗinsa digiri 1 ne, ninki biyu na faɗin wata. A nan na tuna wa yaran duwatsunsu masu amo. Narkakkiyar iskar farko ma amo ta yi na shekara 380,000, jan nauyi yana matse ta haske yana tunkuɗo ta, kuma kamar yadda muryar dutse take faɗin girmansa, jerin muryoyin nan ne suka faɗi yawan abin da ke cikin samaniya: kashi 5 cikin 100 irin abin da aka yi mu da shi, sauran baƙin abu da baƙin makamashi, waɗanda ba a ganinsu. Rawar kwantam ita ce bugun da ya tayar da amon. Lissafin kumburi ya ce manyan tabo za su ɗan fi ƙanana ƙarfi, lambar da ke auna haka ta gaza 1 kaɗan, tauraron Planck kuma ya auna 0.965. A wurina wannan lamba ita ce hujja mafi nauyi a duk fannin.

Limamin ƙauyen yana zaune a tabarma tun farko bai ce uffan ba, sai a nan ya yi gyaran murya. "Malam, duk mun ji. To kafin kumburin fa?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a nan awo ya tsaya, hasashe ya fara."

Matakan ba ɗaya suke ba, kuma malamin da ya gauraya su ya cuci ɗalibansa. Daga daƙiƙa ta farko zuwa gaba ƙasa ce mai tauri: lissafin nukiliya ya ce a mintunan farko akwai nitiron 1 ga kowane furoton 7, wanda zai ba da hiliyam kashi 25 cikin 100 a nauyi, haka kuma aka tarar, ko da yake litiyam ɗin da ake gani a tsofaffin taurari kusan sulusin abin da lissafi ya ce ne, kuma har yanzu ana kai ruwa rana a kansa. Kumburi yana da shaida mai kyau, amma abin da ya tura shi ba a tantance ba, kuma akwai manyan masana irin su Paul Steinhardt, wanda da hannunsa aka gina ra'ayin, da suka juya masa baya. Can baya kuma, a lokacin Planck, wato daƙiƙa 5.4 a raba da 1 mai sifili 44, lissafin Einstein na jan nauyi da na kwantam suna karo, babu wanda ya haɗa su ta hanyar da aka gwada. A 1973 Edward Tryon ya ce wataƙila samaniya gaba ɗayanta rawar kwantam ce. A 1982 Alexander Vilenkin ya lissafa ɓullowarta daga halin da babu sarari babu lokaci. A 1983 James Hartle da Stephen Hawking suka kawo tsarin da lokaci ba shi da bakin farko. Duk cikinsu ba wanda na'ura ta tabbatar, kuma dukkansu sun ɗauka cewa dokokin kwantam suna nan tun kafin a fara. Daga ina dokokin suka zo, lissafin bai taɓa wannan ba. Liman ya ce shi dama abin da yake son ya ji ke nan, ya naɗe tabarmarsa.

Da safe, muna kwance dish, wata ɗaliba ta tambayi abin da zai sa a tabbatar da kumburin. Amsar ita ce igiyoyin jan nauyi. Idan kumburi ya faru, sararin kansa ya yi rawar kwantam, kuma hakan zai bar wata murɗaɗɗiyar alama a yadda tsohon hasken yake karkata. A Maris na 2014 masu na'urar BICEP2 da ke ƙarshen kudancin duniya suka sanar cewa sun gan ta. Kafin shekara ta zagayo, da aka haɗa bayanansu da na Planck, sai ta bayyana cewa ƙurar da ke cikin rukunin taurarinmu ta isa ta ba da abin da suka gani. Sun auna sama ne a launi guda, sau biliyan 150 a daƙiƙa, alhali ba a raba ƙura da tsohon haske sai an auna a launuka da yawa, tun da ƙura tana ƙara ƙarfi idan kaɗawa ta ƙaru. Na'urorin da suka biyo baya a can kudu, da cibiyar Simons da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile, a tsayin fiye da mita 5,000 inda iska ba ta da laima, duk da launuka da yawa suke aiki yanzu.

Mun bar wa makarantar kayan LED da rezar da mitar wuta, bayan mun cire batir daga jikin bolum, domin idan aka bar shi a jone yana zuƙe wuta ko ƙwai bai kama ba. Dish ɗin kuma aka ɗaure shi a kife a saman mota, don kada iskar titin Wudil ta lanƙwasa hannun da ke riƙe da kansa.